"Ai Ba Shi Cizo," In Ji Mai Kare

 Na san wasunku suna ganin kan maganar nan za su ja tsaki su ce yau kuma an bar mana zancen soyayya da kwalliya an koma zancen kare? Ku yi haƙuri ku biyo ni. Wannan karen da kuke rainawa saura ƙiris ya raba gidanmu da maƙwabtanmu na shekara da shekaru, saura ƙiris kuma ya raba ni da ƙanwata.

A Tambuwal na tashi, garin nan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega. Lungunmu irin wanda kuka sani ne, gidaje jere, hanyar fita ɗaya. Maƙwabcinmu na jikin katanga manomi ne da damina, da rani kuma mafarauci. Yana da wani jan kare mai yankakkun kunnuwa, wanda ko a cikin 'yan farauta ana ji da shi. Idan kaka ta wuce aka fara fita daji, lafiya lau muke, don karen ba ya zama. Amma da zarar ruwa ya sauka an jingine farauta, shi ke nan, kare ba aikin fari bare na baƙi, sai ya zama sarkin lungu. Ya kwanta a tsakiyar hanya. Ya kutso zaurenmu ya sa baki a kwano. Ya bi kajin Inna. Rannan ya kori wata yarinya mai tallan fura har ƙwaryar ta kife, tana kuka tana cewa yau sai an yanka ta a gida. Mu kuwa in za mu Islamiyya sai mun tsaya a bakin zaure mun leƙa tukuna, kamar ɓarayi.

Duk wanda ya yi ƙorafi amsa ɗaya yake samu daga mai karen, yana dariya: "Haba, ai ba shi cizo, wasa shikai."

Babanmu mutum ne mai kara. In Inna ta yi magana sai ya ce maƙwabci ne, tun kafin a haife mu suke tare, ba za a ji kansu a kan kare ba. Haka muka yi ta haƙuri. Ni dai yanzu na gane ba haƙuri muke yi ba, tsoron buɗe baki ne muka sa wa suna haƙuri.

Wata ranar Laraba bayan la'asar aka aiki ƙanwata kai niƙa inji. Shekarunta 11 a lokacin. Ta dawo da garin a watse, zanenta duk ƙasa, ta ce faɗuwa ta yi. Inna ta yi faɗanta ta gama. Kwana biyu yarinya tana ɗingishi a ɓoye, ba wanda ya lura, har ni da muke kwana tabarma ɗaya.

Allah da ikonsa, ranar Juma'a Goggo ta zo daga wajen Kebbe inda take aure. Ita irin tsofaffin nan ce da ido ba ya wuce musu. Tana ganin yadda yarinyar ta zauna a karkace ta ce, "Ke ɗiyar ga, zaka nan. Mi as same ki ga ƙahwa?" Ta ja ta ɗaki. Ashe karen ne. Ya taso mata ta ruga, ya cim mata ya kafa mata haƙora a bayan cinya. Rami biyu, da wani ɗan karce a gefe. Ta ɗaure da tsumma ta yi shiru.

Me ya sa ta ɓoye? Daga baya ta gaya mini. Na farko wurin ciwon, kunya take ji a ɗaga mata zane, bare a ce namiji ne zai duba a asibiti. Na biyu, 'yar mai karen babbar ƙawarta ce, benci ɗaya suke zama, tana tsoron a yi faɗa saboda ita. Kun ji fa. Yarinya 'yar shekara 11 ta koyi karar nan tamu har ta fi mu iyawa.

Ban taɓa ganin Goggo ta rikice irin na ranar ba. Ta fito tsakar gida tana tafa hannu, ta ce a kira Baba daga masallaci yanzu-yanzu. Wata tsohuwa da ta shigo ta ce ai abin mai sauƙi ne, a samo gashin karen a ƙona a shafa, haka aka gada. Goggo ta ce, "Wallahi ba a yi wanga da ni." Sannan ta ba mu labarin abin da ta gani da idonta a ƙauyensu. Wani yaro ne mai kiwon awaki, ɗan kwikwiyo ya ɗan cije shi a hannu, ciwon da ko jinin kirki bai yi ba. Ya warke sarai, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu sai zazzaɓi, sai firgita, sai ya zamana yana jin ƙishirwa amma in an miƙo masa moɗa maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Ko da aka kai shi asibiti, suna jin labarin kwikwiyon suka girgiza kai. Bai yi sati ba.

Wannan ita ce cutar haukan kare, kuma ina so ku karanta nan wurin da kyau ko da za ku tsallake sauran.

Ƙwayar cutar a cikin yawun dabbar take. Tana shiga ta cizo, ko ta karce, ko kare ya lashi wurin da fata ta fashe. Ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa take jinkiri, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara. In cizon a fuska ne ko wuya ko yatsu, ta fi saurin isa. Warkewar bakin ciwo ba ya nufin an tsira. Kuma abin tsoron shi ne, muddin alamunta suka bayyana, kusan ba wanda ke tashi, ko a Ingila ne ko Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin 59,000 take kashewa duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan duka, har kashi 99 cikin 100, daga kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wato sa'o'in ƙannenku, masu zuwa aike da talla da ɗiban ruwa.

Amma ga daɗin abin. Tsakanin cizo da bayyanar cuta akwai ƙofa a buɗe, wanda ya yi sauri ya shige. Abu na farko ba ya buƙatar ko kwabo: ruwa da sabulu. Nan take, ba sai an nemi mai kare ba, ba sai an gama cacar baki ba. A sa sabulu a yi ta wanke ciwon ana kwarara ruwa har minti 15. Ku duba agogo, don minti 15 ya fi yadda kuke zato tsawo, buta ɗaya ba za ta isa ba. Sabulun wanki ma ya yi. In akwai aidin ko sifirit a zuba bayan nan. Ban da toka, ban da barkono, ban da gashin kare, kada kuma a ɗaure shi tamau da tsumma. Daga nan sai asibiti, a ranar, a ce musu ƙarara kare ne ya yi cizon. Su za su ba da allurar rigakafin haukan kare, su duba ko ana buƙatar ta sandarewar jiki, in ciwon mai zurfi ne akwai wata ta musamman da ake yi a jikin ciwon kansa.

Na san abin da ke ran wasunku, wai allura ce ashirin da wani abu a cibiya. Wannan ta zamanin kakanninmu ce. Ta yanzu a dantse ake yi, ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sauran kuma yadda likita ya rubuta. Sai dai a cika ta, ba a fara a bari don an ga ciwo ya bushe. Ku sani kuma ba kowane ƙaramin asibiti ko kemis ke ajiye ta ba, don sai a firji take zama. In ba a samu kusa ba a wuce gaba. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, kuma can akwai manyan asibitoci, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mutanen Kebbe da Kuchi tafiyarsu ta fi haka, kuma kuɗin mota da na allura ba wasa ba ne ga talaka. Na sani. Amma akuya ɗaya aka sayar a gidanmu aka yi wannan hidima, kuma har yau ba wanda ya yi kewar akuyar.

Ƙanwata ta makara da kwana biyu, amma likita ya ce jinkiri ba ya hana a fara. Da ta ƙi sakin zanenta sai aka kira ma'aikaciya mace ta duba ta. Ashe abin da ta kwana biyu tana jin tsoro roƙo ɗaya ne maganinsa. Ke ma in ta same ki, ki ce mace kike so ta duba ki, ba laifi ba ne. In kuwa babu mace, ki tuna lalura ce.

Wani abin sha'awa, mutum na farko da aka ceta da irin wannan allura shi ma yaro ne, ɗan shekara 9, sunansa Joseph Meister. A 1885 uwarsa ta ɗauke shi daga garinsu har birnin Paris wurin masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, bayan mahaukacin kare ya yayyage shi. Uwa ce ta ƙi zama ta jira. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da wannan cuta a duniya tun 2007.

To mu dawo lungunmu, don a nan ake yin ta.

Muna dawowa daga asibiti na tarar da yayana ya sayo maganin ɓera zai cusa a nama ya jefa ta katanga. Samarin unguwa kuma sun ɗauko sanduna. Goggo ce ta sake tare su. Da farko dai guba ba ta san kare ba, kaza za ta ci, mage za ta ci, yaro mai rarrafe ma yana iya dauka. Sannan likita ya riga ya ce kada a kashe karen, a tsare shi wuri ɗaya kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi. Karen da yawunsa ke ɗauke da cutar a ranar da ya yi cizo ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna ba. In ya kwana goma garau, hankali ya kwanta. In ya mutu ko ya ɓace, an san inda aka dosa. Ita dai allura ba a jiran kwana goman, farawa ake yi. Da an kashe shi a daren nan an jefa a kwari, da mun zauna cikin zullumi, ga kuma gaba ta har abada da maƙwabci.

Yadda aka ɓullo wa maganar shi ne abin da nake so ku koya, don da haka muka yi tun farko da ba a kai ga jini ba. Ba a aika yaro da saƙo ba, ba a tsaya ta kan katanga ana habaici ba. Inna ce ta yafa mayafi bayan magariba ta shiga wurin matar gidan, ita da Goggo. Suka gaisa, suka tambayi yara, sannan Inna ta kwance maganar a hankali. Matar ta yi salati, hawaye suka zubo mata. Ashe ita ma karen ya ishe ta, ta sha gaya wa mijin ba ya ji, har baƙi sun daina shigo mata. Kun ga da mun san haka da tuni mun sami abokiyar shawara a cikin gidan. Sau da yawa haka abin yake, matar mai kare ta fi kowa gajiya da shi.

Washegari Baba ya ajiye kararsa ya sami mutumin a zaure, tare da limamin masallacinmu da wani dattijo. Ba zagi, ba ɗaga murya. Abu uku aka nema: ya ɗaure karensa da rana, in zai sake shi da dare ya rufe ƙofar gidansa, ya kuma kai shi a yi masa allura. Da farko ya so ya kawo tsohuwar waƙarsa, wai yarinyar ce ta ruga shi ya sa. Liman ya ce masa to yaro in ya ga kare ba zai ruga ba, tsayawa zai yi su gaisa?

A nan ne liman ya faɗi abin da ban taɓa ji ba duk zamana a Islamiyya. Ya ce addini bai hana ajiye kare don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa, saboda haka ba wanda zai raina mai kare don yana da kare. Har ya tuna mana da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma ya ce malaman fiƙihu sun yi maganar kare mai cizo: idan aka gargaɗi mai shi ya ƙi tsare shi, to ɓarnar da ya yi bayan gargaɗin tana wuyansa. Ya kawo misali da hukuncin da ke cikin Risala na dabbobin da suka shiga gonar mutane da dare, cewa masu su ne ke biya. Kun ga amfanin yin magana da wuri, kuma a gaban shaidu. Mu da muka shekara muna gunaguni a tsakar gida, ko sau ɗaya ba mu taɓa yi masa gargaɗin da za a kira gargaɗi ba.

Da ya ƙi ji, mataki na gaba mai unguwa ne, daga nan sai hakimi, kafin a yi zancen 'yan sanda ko kotu. Alhamdu lillahi ba a kai can ba.

Kada kuma ku ɗauka ina cewa a raba mutane da karnukansu ne. Goggo da kanta ta ce a ƙauyukansu na ƙasar Kebbe, a shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare, haushin kare da tsakar dare ya sha tayar da mutane daga barci a kan lokaci. Makiyayi yana buƙatarsa, mai gona a bakin daji yana buƙatarsa. Wanda ya ce a kashe su duka bai kwana a ƙauye ba. Abin da ake nema kawai mai kare ya san karensa, ya ciyar da shi don yunwa ce ke fitar da yawancinsu yawo, ya tsare shi, ya yi masa allura tun yana wata 3, sannan duk shekara. Allurar karen ta fi ta mutum araha nesa ba kusa ba. A nan ƙasar ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ta Jihar Filato. A tambayi malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, a Sakkwato kuma Jami'ar Ɗanfodiyo tana da asibitin dabbobi. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa.

Saura ke da za ki fita gobe da safe, kafin manya su gama shawararsu. In kare ya taso miki, ƙafarki za ta ce ki ruga, kada ki biye mata. Gudu ne ke tayar masa da halin farauta, kuma ba ki fi shi sauri ba, bare ga hijabi yana kaɗawa. Ki tsaya cak, hannuwa a jiki, ban da ihu, kada ki zura masa ido cikin ido. Yawanci zai yi haushinsa ya sunsuna ya wuce, ke kuma ki ja da baya a hankali. In ya matso, ki sa jaka ko tire ko bokiti tsakaninku, ya ciji wannan. In kin faɗi ki dunƙule ki rufe fuska da wuya da hannuwanki. Dabarar nan tamu ta sunkuyawa kamar za a ɗauki dutse tana korar karen gari mai lafiya, amma ba ta aiki a kan mahaukaci. Shi za ki gane shi da dalalar yawu, da cizon duk abin da ya tarar har icce da ƙarfe, da canjin murya, da tafiya ba kan gado. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan, sai ya yi laushi, baki a sake kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada tausayi ya sa ki kai hannu. Ki shige gida mafi kusa ki gaya wa manya. Karya mai 'ya'ya da kare mai cin abinci, su ma a ba su hanya. Ƙannenku masu ɗauko 'yan kwikwiyo a bola suna wasa, ku hana su, ku kuma saba musu da cewa in kare ya taɓa su ko da karce ne su faɗa, ba za a doke su ba. Tsoron duka ya sa yara da yawa yin shiru.

Jan karen dai ya cika kwana 10 a turke yana cin tuwonsa, ko atishawa bai yi ba. Maƙwabcinmu ya shigo da kansa duba yarinya, da 'yar ledar lemo a hannu, ya kuma dage sai ya biya rabin kuɗin allura. Baba ya ce a'a, liman ya ce a karɓa, aka karɓa. Bayan sati biyu ya kira Baba ya nuna masa takardar da malamin dabbobi ya ba shi, ya naɗe ta cikin leda ya soke a rufin zaure kusa da kwarinsa. Ya sayi sarƙa a kasuwa, ya kafa turke ƙarƙashin dalbejiyar gidansa.

Ƙanwata da ƙawarta sun yi kamar sati ba sa haɗa ido, kowace na jin nauyin 'yar uwarta. Ranar da za a yi mata allura ta ƙarshe sai ga ƙawar da sassafe a bakin zaurenmu da hijabinta, wai Innarta ta ce ta raka ta. Yanzu duk sun yi aure, ita ƙanwar tawa tana Dogon Daji da 'ya'ya uku. Tabon nan biyu yana nan a cinyarta, kuma har gobe in ta zo gida, sai ta tsaya a bakin lungu ta leƙa kafin ta shigo.